Kasafin Shekara Guda, Aikin Shekaru Goma: Yadda Ake Samar da Kuɗin Hanyoyi da Layin Dogo a Nijeriya

1. Rabon Nauyi Tsakanin Matakan Gwamnati

Hanyoyin mota a Nijeriya sun kai tsawon kimanin kilomita 195,000, kuma su ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin ɗari na fasinja da kayan da ake safara a cikin ƙasar. Gwamnatin tarayya ce ke da kimanin kilomita 35,000 daga ciki, jihohi na da abin da ya yi kusa da haka, ragowar kuwa, wanda ya kai kashi biyu cikin uku, yana wuyan ƙananan hukumomi 774. Rabon kuɗi bai bi wannan tsari ba. Daga asusun tarayya da sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya kafa, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Matakin da ya fi kowa tsawon hanya shi ya fi kowa ƙarancin kaso, kuma albashin malaman firamare da na ma'aikata ke lashe mafi yawansa tun kafin a zo maganar gireda da marmara. Sai dai hanyoyin tarayya, duk da ƙarancin tsawonsu, su ne ke haɗa tashoshin jiragen ruwa da manyan kasuwanni, su ne tireloli da tankokin mai ke bi dare da rana, saboda haka kowace kilomita tasu ta fi tsada wajen gini da gyara.

Layin dogo ya daɗe a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, sai a watan Maris na 2023 aka yi wa Tsarin Mulki gyaran da ya ba jihohi damar shiga. Tashoshin jiragen ruwa da harkar sufurin sama har yanzu na tarayya ne, kuma hukumominsu na samun kuɗin shiga daga masu amfani da su. Hanya da dogo ne suka fi dogara da baitulmali, su ne kuma suka fi bayyana raunin tsarin kasafi.

2. Tafiyar Kuɗi Daga Takarda Zuwa Bakin Aiki

Sashe na 81 na Tsarin Mulki ya wajabta wa shugaban ƙasa gabatar da ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa kowace shekara. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ƙara da cewa a fara tsara hasashen shekaru uku, wanda ke tsayar da farashin gangar mai da yawan haƙowa da canjin dala da za a gina kasafin a kansu, ta kuma iyakance giɓin kasafi ga kashi 3 cikin ɗari na ƙarfin tattalin arzikin ƙasa. Daga nan Ofishin Kasafi ke yanka wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta nema.

A nan matsalar ke farawa. Ma'aikatar Ayyuka ba ta fara shekara da farar takarda. A 2023 ministan ayyuka, David Umahi, ya bayyana cewa ya gaji ayyuka sama da 2,600 da ba a kammala ba, waɗanda kuɗinsu ya haura naira tiriliyan 13. Kason ma'aikatar na shekara bai taɓa kusantar wannan adadi ba. Da yake kowane aiki yana da mazaɓa da sanata da gwamna a bayansa, ba a iya jingine wasu don a gama wasu. Sai a yayyafa wa kowanne ɗan abin da zai sa sunansa ya fito a kundin kasafi. A ƙaddara kwangilar naira biliyan 50 ce aka ware mata miliyan 500 a shekara: ko da an saki kuɗin duka, kuma farashi bai motsa ba, sai an shekara ɗari kafin a biya ta. Hanyar Kano zuwa Maiduguri, da ta Abuja zuwa Lokoja, da babbar hanyar Gabas zuwa Yamma ta yankin Neja Delta, duk a 2006 aka ba da kwangilar mayar da su tagwaye, kuma sun shafe fiye da shekaru goma sha biyar suna fitowa a kasafi.

Majalisa kuma na da nata hannun. A 2017 ministan ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya koka cewa an rage kason hanyar Legas zuwa Ibadan daga naira biliyan 31 zuwa 10, na gadar Neja ta biyu daga 15 zuwa 10. Da yake sa hannu a kasafin 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce majalisa ta zabtare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700, ta cusa nata guda 6,403 na naira biliyan 578. Hujjar 'yan majalisa ita ce Tsarin Mulki ya ba su ikon kasafta kuɗi, kuma su ne suka san ƙauyukan da ba su da kwalbati. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar doka. Ta fuskar aikin injiniya kuwa, sakamakonta shi ne kuɗin babbar hanya guda ya tarwatse zuwa ɗaruruwan ƙananan ayyuka, waɗanda da yawansu hurumin jiha ne ko ƙaramar hukuma.

Akwai kuma batun lokaci, wanda masu nazarin kasafi kan yi wa riƙon sakainar kashi alhali shi ɗan kwangila ya fi kallo. Aikin hanya na rani ne. Ba a iya daddaɓe ƙasa ko shimfiɗa kwalta cikin ruwan sama, don haka watannin Nuwamba zuwa Mayu ne lokacin aiki na gaske a yawancin ƙasar. Kasafin 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 a watan Yuni, wato kuɗin manyan ayyuka ya fara fita ne da damina ta kankama. An dawo da tsarin Janairu zuwa Disamba da kasafin 2020, amma daga baya aka shiga tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka: na 2023 ya kai har ƙarshen 2024, na 2024 ya shiga 2025, har aka riƙa gudanar da kasafi biyu ko uku a lokaci guda.

Sa hannu a kasafi ma ba shi ne sakin kuɗi ba. Albashi da fansho da biyan bashi su ake fara cirewa, abin da ya rage shi ne rabon manyan ayyuka. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya cinye kimanin kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a shekarar da tallafin man fetur ya lashe sama da naira tiriliyan 4. Abin da wannan ke haifarwa a bakin aiki sananne ne. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, wanda dokar ba da kwangila ta 2007 ta iyakance ga kashi 15 cikin ɗari kafin a ɗaga shi zuwa 30 a 2020. Ya kafa sansani, ya kankare tsohuwar kwalta a hannu ɗaya, ya jera durom-durom ya karkatar da motoci zuwa ɗaya hannun. Injiniyan ma'aikata ya auna aikin ya ba da takardar shaidar biya. Takardar ta kwanta wata shida ko shekara. Ɗan kwangila ya sallami leburori ya kwashe katafilolinsa zuwa wani aikin. Ruwa ya wanke marmarar da aka zuba, hannun da aka bar wa motoci ya farfashe saboda yana ɗaukar nauyin hannu biyu. Ranar da kuɗi ya fito, siminti da rodi da dizal da kwalta, wadda akasarinta daga waje ake shigo da ita, duk sun tashi, sai a koma Majalisar Zartarwa neman ƙarin kuɗin kwangila.

3. Hanyoyin Kauce wa Kasafi

Kowace gwamnati tun daga shekarun 1990 ta gane wannan rauni, kuma maimakon gyara tsarin kasafin sai ta buɗe wata ƙofa a gefensa. Asusun rarar man fetur na PTF, wanda gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa a 1994 bayan ƙarin farashin mai, ya gyara hanyoyi da dama kafin a rushe shi a 1999. Shirin SURE-P na 2012 ya bi irin wannan sahu da kuɗin da aka samu daga rage tallafin mai, shi ma ya tafi da gwamnatin da ta kawo shi. Daga 2017 ne aka samu hanyoyi uku da suka fi tasiri.

Ta farko ita ce sukuk. A watan Satumba na 2017 Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da takardun sukuk na naira biliyan 100 na tsawon shekara bakwai, bisa tsarin ijara: masu zuba jari ke mallakar amfanin hanyar, gwamnati na biyan su haya a maimakon kuɗin ruwa, a wancan karon kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. An raba kuɗin daidai wa daida tsakanin shiyyoyi shida domin ayyuka 25, ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri da hanyoyin ratse na Kano da Kaduna. An sake fitarwa a 2018, 2020, 2021, 2022 da 2023, jimilla ta haura naira tiriliyan ɗaya. Ƙarfin sukuk ba daga arahar kuɗin yake ba, domin hayar ba ta gaza kuɗin ruwan sauran takardun lamuni da wani abin kirki ba. Ƙarfinsa daga sharaɗin shari'a yake, wanda ya wajabta a ɗaure kuɗin da wata kadara takamaimai. Wannan ya hana a karkatar da shi zuwa albashi, ya sa 'yan kwangila suka riƙa samun biya cikin lokaci. Amma rabon daidai tsakanin shiyyoyi hukuncin siyasa ne, bai duba yawan motoci ko lalacewar hanya ba, kuma biliyan 16 da 'yan kai a shiyya guda ba ta gama ko da hanya ɗaya daga cikin manyan.

Ta biyu ita ce asusun shugaban ƙasa na raya manyan ayyuka, wanda aka kafa a 2018 da dala miliyan 650 daga ribar kamfanin gas na NLNG, aka damƙa shi ga hukumar zuba jari ta NSIA. A 2020 aka ƙara masa dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Amurka da tsibirin Jersey. Ayyuka uku aka fi mayar da hankali a kansu: hanyar Legas zuwa Ibadan, gadar Neja ta biyu, da hanyar Abuja zuwa Kano. An buɗe gadar a watan Mayu na 2023, bayan shekaru masu yawa ana alƙawarinta a lokacin zaɓe, kuma wannan shaida ce cewa taƙaita ayyuka da keɓe musu kuɗi yana haifar da sakamako.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, ta nuna iyakar wannan dabara. An ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaranta a watan Disamba na 2017 a kan naira biliyan 155, da wa'adin shekara uku. A watan Maris na 2021 aka sauya aikin daga gyara zuwa sake gini baki ɗaya, kuɗin ya koma biliyan 797. An ci ƙarfin ɓangaren Kaduna zuwa Kano, amma na Abuja zuwa Kaduna ya tsaya cikin matsalar tsaro da taƙaddamar farashi bayan faɗuwar naira, har gwamnati ta soke kwangilar wannan ɓangaren a watan Nuwamba na 2024 ta ba wani kamfanin. Ninkin kuɗi sau biyar cikin shekara uku da 'yan watanni bai faru don hauhawar farashi kaɗai ba. An ba da kwangilar ne tun farko kafin a tantance irin aikin da hanyar ke buƙata.

Ta uku ita ce gina hanya a madadin haraji, wadda umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na watan Janairun 2019 ya tsara. Kamfani zai gina hanya da kuɗinsa, a riƙa cire abin da ya kashe daga harajin ribar da zai biya. Ta haka rukunin Dangote ya yi hanyar Apapa zuwa Oshodi, NLNG ya ɗauki ta Bodo zuwa Bonny, MTN ta Enugu zuwa Onitsha, BUA ta Kano zuwa Kwangwalam ta Kazaure da Daura. Kamfanin NNPC ya ɗauki hanyoyi 21 a kan naira biliyan 621 a 2021, sannan aka ƙara masa wasu na kusan tiriliyan 1.9 a 2023. Ana yawan kiran wannan tsari da kuɗin 'yan kasuwa, alhali kuɗin gwamnati ne da aka kashe tun bai shiga baitulmali ba. Harajin kamfanoni na asusun tarayya ne, jihohi da ƙananan hukumomi na da kasonsu a ciki, don haka duk hanyar da aka yi ta wannan tsari su ma sun biya, ba tare da majalisa ta kasafta kuɗin ba. Kamfanoni kuma, bisa dabi'a, sun fi son hanyar da ke bi ta ƙofar masana'antarsu.

Jinginar da hanya ga 'yan kasuwa su gina su karɓi kuɗin wucewa bai yi nisa ba, duk da dokar 2005 da ta kafa hukumar ICRC. Yarjejeniyar hanyar Legas zuwa Ibadan ta 2009 an soke ta a 2012, gwamnatin Legas kuma ta saye tata yarjejeniyar ta Lekki zuwa Epe a 2013. Inda kuɗin shiga yake da dala, kamar tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a watan Janairun 2023, jari ya fi saurin zuwa.

4. Layin Dogo da Bashin Waje

Dogo a Nijeriya da bashi aka san shi. Layin da ya iso Kano a 1911, wanda ya buɗe cinikin gyaɗa zuwa ƙetare, da rancen da aka ɗora wa baitulmalin mulkin mallaka aka gina shi. Rancen farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya, dala miliyan 28 a 1958, na dogo ne, kuma da shi aka ja layin da ya isa Maiduguri a 1964. Bayan nan tsohon layin mai kilomita 3,505 ya shiga dogon zango na rashin kulawa. Layin Itakpe zuwa Warri, wanda aka dogara da kasafin cikin gida wajen yin sa, an fara shi a 1987, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2020.

Sabbin layukan zamani da rancen ƙasar Sin aka yi su. Na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ya ci kimanin dala miliyan 870, daga ciki 500 rance ne daga Bankin Exim na Sin, aka buɗe shi a watan Yulin 2016. Na Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, ya samu rancen kimanin dala biliyan 1.27, aka buɗe shi a watan Yunin 2021. A takarda sharuɗɗan na da sauƙi: kuɗin ruwa kashi 2.5 cikin ɗari, shekara 20 na biya, bakwai na farko ba a taɓa uwar kuɗi. Kamfanin ƙasar mai ba da rancen, wato CCECC, shi ke yin aikin, kuma kuɗin na tafiya kai tsaye gare shi, abin da ya sa waɗannan layuka suka kammalu alhali hanyoyin da aka fara tare da su suna nan.

Nauyin yana ɓoye ne a canjin kuɗi. Fasinja da naira yake sayen tikiti, bashi kuwa da dala ake biya. Lokacin da aka ƙulla rancen layin Kaduna dala na wajen naira 150. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Kowace dalar da ta rage a bashin ta ninka sau goma a lissafin baitulmali, tikiti kuwa ba ya ninkuwa haka. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris na 2022 ya tsayar da shi har 5 ga Disamba, wata takwas ba shiga, bashi na tafiya. Wani abin lura shi ne, a ƙasashe da dama jigilar kaya ce ke riƙe dogo, fasinja kan buƙaci tallafi, amma layin Abuja zuwa Kaduna bai haɗu da teku ba tukuna, tunda ba a gina ɓangaren Ibadan zuwa Abuja ba. Tashoshin jiragen ruwa na tsandauri na Kaduna da Dala a Kano da Funtuwa ba za su yi cikakken amfani ba sai wannan giɓi ya cike.

Dogaro da mai ba da rance guda ya nuna haɗarinsa a layin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a watan Yulin 2021. Bankin Exim ya ja da baya, gwamnati ta ci gaba da ɗan abin da kasafi ya bayar, sai a 2023 majalisa ta amince a koma Bankin Raya Ƙasa na Sin, wanda ya saki kason farko na kusan dala miliyan 255 a watan Janairun 2025. Layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, an ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal shi a kan kusan dala biliyan 2, kuma Nijeriya ce ta ɗauki nauyinsa har da ɓangaren da ya shiga Nijar. Hujjar tattalin arzikinsa ita ce jawo kayan Nijar, waɗanda suka saba bi ta Kwatano da Lome, zuwa tashoshin Legas, wanda hakan ma ya rataya ne a kan kammala layin Legas zuwa Kano.

5. Kuɗin Gyara

Sukuk da asusun shugaban ƙasa da rangwamen haraji da rancen Sin duk kuɗin gini ne. Babu ko ɗaya da ya tanadi abin da za a kula da aikin bayan an yanka ƙyalle. Hanyar kwalta kuwa lalacewarta a jere take: lambatu ya toshe, ruwa ya kwanta a gefe, kwalta ta tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya jiƙa marmara, taya ta danna ya zama rami, ramuka su haɗe har sai an sake gini daga tushe. Yashe lambatu da toshe tsaga aiki ne mai araha. Sake gini kan ci ninkinsa sau da yawa. Matasan da ke tsayawa da shebur suna cike ramuka da ƙasa direbobi na jefa musu canji, a hanyoyi da dama su ne kaɗai ma'aikatan gyaran da matafiyi ke gani.

Hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002 don wannan aiki, ta dogara ne da kason kasafi, kuma kason gyara shi ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza, tunda ba a bikin buɗe ramin da aka cike. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta rushe shingayen karɓar kuɗin hanya na tarayya a farkon 2004, bisa dalilin cewa abin da ake tarawa ba ya isa baitulmali, da niyyar maye gurbinsu da haraji a kan man fetur. Gyaran dokar FERMA na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da dizal, a ba hukumar 40 cikin ɗari, hukumomin gyaran hanya na jihohi 60. Ba a taɓa aiwatar da shi yadda doka ta ce ba, kuma dalilin a fili yake: gwamnatin da ke biyan tallafi don rage farashin mai ba ta iya ɗora haraji a kan man nan. Gana ta kafa asusun hanyoyi tun 1985, Kenya ta kafa hukumarta a 1999, duk a kan harajin mai. A Nijeriya ƙudurorin kafa irin wannan asusu sun sha zuwa majalisa ba su zama doka ba.

Rashin dogo mai ɗaukar kaya ya ƙara wa hanya nauyi. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya kan ninka kusan sau goma sha shida. Tirelar siminti ko tankar mai da aka yi wa lodin wuce ƙima na iya cin shekarun hanya fiye da dubban ƙananan motoci, kuma ma'aunan nauyi a manyan hanyoyi kaɗan ne ke aiki. Wannan na daga cikin hujjojin da Ma'aikatar Ayyuka ta bayar na komawa shimfiɗar kankare tun 2023, ciki har da hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700 da ta Sakkwato zuwa Badagry mai 1,068, waɗanda aka fara a 2024 a kan tarin ayyukan da aka gada. Kankare ya fi jure nauyi, ya fi tsada a farko, kuma shi ma yana buƙatar magudanar ruwa mai aiki.

A karkara, inda manomi ke fitar da hatsi da tumatir, shirin RAAMP na Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wanda aka amince da shi a 2020 don jihohi 13 ciki har da Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauchi, ya nemi jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara na dindindin. A matakin tarayya kuwa, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya kawar da tsohon cikas ɗin harajin mai ta fuskar lissafi, ya kuma ƙara shi ta fuskar siyasa, domin farashin lita ya ninka sau da yawa. An dawo da karɓar kuɗin wucewa a hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi a watan Fabrairun 2025, hanyar da aka faɗaɗa da rancen Sin. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta sake ɗauko kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal, ta keɓe kananzir da gas, ta bar wa ministan kuɗi ikon tsayar da ranar da za a fara karɓa.